Babi na Bakwai: Ina da Mutum a Jarida

Ƙarfe goma na dare ta gota, shayi ya huce a kofuna, wasa kuma ya cije. Sunansa dai wasan tebur, amma mu a kan darduma muke baje takardunmu, mu biyar: ni ne madugu, sauran huɗun kowa da jaruminsa. Labarin yana faruwa ne a birnin Shikago na Amurka a 1929. An tsamo gawar wani akawun sito daga kogi, aljihunsa cike da yashi, ga wani zane a tafin hannunsa da babu wanda ya gane. Likita ya duba gawa, dayis ya ƙi. Tsohon soja ya birkice ɗakin mamacin, dayis ya ƙi. Malamar makaranta ta wuni a laburare, ta jefa, casa'in da huɗu ta fito, alhali ana neman sittin ko ƙasa da haka. Shiru ya sauka. Na ga abokina ya fara laluben wayarsa a aljihu, wanda duk madugu ya san wannan ita ce alamar mutuwar wasa.

Sai ƙanwata, mai riƙe da lauya, ta ɗago kai.

"Yaya, ai lauyata tana da mutum a jarida."

"Wane mutum?"

"Irin waɗanda ke kwana a caji ofis suna jiran a kashe wani. Ba lauya ba ce? Dole ta san ɗaya."

Shafi shida na rubuta na shirin wannan dare, babu ɗan jarida ko ɗaya a ciki. Na yi tari don in samu daƙiƙa biyu na tunani, na sake yin wani. Su kuwa suka ɗauka muryar mutumin ce na fara. Na ba shi suna na Turawa a take, amma kafin a tashi kowa ya manta da shi. Mai Tari suka riƙa ce masa, har yau kuma haka yake a bakinsu.

A daren nan na zazzage masu duk abin da ke cikin buhu. Mai Tari ya faɗi mai siton, ya faɗi irin motar da aka gani, ya faɗi sajen da ya ɓoye rahoto. Wasa ya farfaɗo, aka tashi ana dariya, ni ma na kwanta ina ganin na yi dabara. Mako na gaba, ko zama ba su gama yi ba aka ce a kira Mai Tari. Kafin zama na uku ba mai zuwa laburare, ba mai ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ba mai bin sawun kowa cikin ruwan sama. An samu famfo a tsakar gida, wa zai sake zuwa rafi? Ni da hannuna na kashe binciken da wasan ya ginu a kansa.

Wannan matsala ta girme ni, kuma masu tsara wasannin sun daɗe suna kokawa da ita. A wasan farko, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, ba a cika damuwa da wanda jarumi ya sani ba. Abin tambaya shi ne ƙarfinsa da takobinsa da abin da ke bayan ƙofa ta gaba. In ana son labari, a shiga mashaya a saurari jita-jita. Da Call of Cthulhu ya fito a 1981, wanda Sandy Petersen ya tsara wa kamfanin Chaosium daga labaran H. P. Lovecraft, sai abin ya juya. Jaruman nan masu bincike ne a shekarun 1920, farfesoshi da likitoci da 'yan jarida, waɗanda in suka yi gaba da gaba da dodo yawanci mutuwa ce ko hauka. Makaminsu tambaya. Wasan da makaminsa tambaya ce kuwa dole ya tanadi wanda za a tambaya.

Shadowrun, na 1989, shi ne ya ɗauki maganar da muhimmanci har ya sa ta a takardar jarumi. Labarinsa a Seattle yake a shekarar 2050, jarumansa 'yan kwangilar ɓoye ne da manyan kamfanoni ke haya su yi wa juna sata. Kafin a fasa ko'ina sai an zaga gari an tambayi na hannu: dillali, mai mashaya, ɗan sandan da ke karɓar na goro, ɗan jarida. A bugu na huɗu, na 2005, kowane idon sani yana da lamba biyu, kowace daga ɗaya zuwa shida. Ta farko tana auna tsawon hannunsa a gari, wato wa ya sani, wace ƙofa yake iya buɗewa. Ta biyu tana auna amanarsa gare ka. Duk Bahaushen da ya taɓa neman aiki ko gado a asibiti ya san bambancin lambobin nan ba tare da an karantar da shi ba. Akwai babban mutumin da ya san kowa amma ba zai ɗaga maka waya ba, akwai kuma masinjan da zai tsaya maka har gaban alƙali amma iyakar ikonsa bakin ƙofa. Vampire: The Masquerade, na 1991, shi ma ya raba su gida biyu, masu kawo maka labari daban, masu shiga faɗanka daban, kowanne da ɗigo ɗaya zuwa biyar.

Lambobin suna da amfani, amma a ganina suna ruɗar sabon madugu. Suna sa ya ɗauki mutum kamar wata kadara da jarumi ya saya ya ajiye, sai ranar buƙata a ciro. Lamba tana faɗa maka abin da mutumin zai iya yi maka. Ba ta faɗa maka abin da shi yake nema.

Cikin duk na hannun da wasanni ke jerawa, babu wanda wannan tambaya ta fi dacewa da shi kamar mai ɗauko labarin laifuka. Ɗan sanda yana da ɓangare, ɗan daba yana da ɓangare. Shi wannan yana tsaye ne a mararraba. Da safe yana mutuware, da rana yana kotu, da dare yana shan kofi da sajen da ke kan kanta, in ya fito kuma ya gaisa da mutanen da sajen ke nema. Tambaya sana'arsa ce, saboda haka ba mai mamakin ganinsa a inda aka zubar da jini. A New York an yi wani mai ɗaukar hoto, Arthur Fellig, wanda aka fi sani da Weegee. A 1938 ya samu izinin ajiye rediyon 'yan sanda a motarsa, har yakan riga 'yan sanda isa wurin gawa. Mutum irin wannan, wane madugu ne ba zai so shi a aljihunsa ba?

Sai dai akwai abin da ya raba shi da dillali da mai mashaya. Su in ka gaya masu magana, wataƙila ta tsaya a cikinsu. Shi kuwa abincinsa ke nan. Abin da ya shiga kunnensa da dare yana iya wayar gari a shafin farko, yara na yawo da shi kan titi suna kiran kanunsa.

Ban gane yadda zan gyara Mai Tari ba sai da na karanta tarihin Jake Lingle.

A gidajen jaridun Shikago na wancan zamani aikin labari kashi biyu ne, akwai mai ƙafa, akwai mai alƙalami. Mai ƙafa shi ke yawo caji ofis zuwa caji ofis, in ya samo abu ya shiga rumfar tarho ya karanto wa wanda ke zaune a ofis, shi kuma ya tsara shi ya zama labari. Lingle mai ƙafa ne na jaridar Chicago Tribune. Masu karatu ba su san sunansa ba, don ba ya fitowa a saman labari, amma duk wanda ke da hannu a harkar dare ya san shi. Lokacin kuwa lokacin haramcin giya ne, wanda ya fara a 1920 bai ƙare ba sai 1933, fasa-ƙwaurinta ya mayar da 'yan daba attajirai, Al Capone na kan ganiyarsa. Lingle yana shiga wurin Capone, kuma kwamishinan 'yan sandan birnin, William Russell, tsohon amininsa ne. In da a takardar Shadowrun za a rubuta shi, lambar farko shida ce ba musu.

Ranar 9 ga Yuni, 1930, da rana tsaka, ya gangara hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke kaiwa tashar jirgin Illinois Central a titin Randolph, zai hau jirgi zuwa filin sukuwa. Wani ya biyo shi cikin cunkoson jama'a ya harbe shi a ƙeya. Gari ya ɗauka. Mai jaridar, Robert McCormick, ya sa ladan dala 25,000 ga duk wanda ya tona makashin, wasu jaridu suka ƙara nasu, aka yi masa jana'iza irin ta gwarzon da ya mutu a bakin aiki.

Ba a yi nisa ba zance ya sauya. Albashin Lingle dala 65 ne a mako, wato bai kai 3,400 ba a shekara. Da aka bi asusunsa sai aka tarar abin da ke shigo masa ya kai wajen dala 60,000. Yana da ɗaki a babban otal na Stevens, yana da gidan hutu a bakin tafki, yana zuba kuɗi a caca da hannun jari, har da asusun da suka haɗa da kwamishina. Kan bel ɗin da ke ƙugunsa ranar da aka kashe shi, mai adon lu'ulu'u, kyautar Capone ce. Ashe shi ne gadar da ke tsakanin 'yan daba da 'yan sanda, mai sasanta wace gidan caca za a bari, wace za a kai wa samame. Russell ya ajiye aiki cikin 'yan kwanaki. A 1931 aka yanke wa wani Leo Brothers na birnin St. Louis ɗaurin shekara goma sha huɗu kan kisan, ya yi takwas ya fito, kotu kuma ba ta taɓa tabbatar da wanda ya aiko shi ba.

Na daɗe ina juya wannan labari. Abin da ya tsaya mini shi ne, sanin da Lingle ya yi wa kowa da bashin da kowa ke binsa abu ɗaya ne. Ba a buɗe masa ƙofar Capone don kyan fuskarsa ba. Kowace ƙofa da ya shiga ya bar wani abu nasa a ciki, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni kuwa na ƙera mutum mai duk ƙofofin Lingle, ban ɗora masa bashin ko sisi ba.

Sai na ɗauki ƙaramin kati na zauna da Mai Tari. Ban taɓa lambobinsa ba. Na rubuta cewa wani mai gidan caca yana binsa dala ɗari huɗu, kuma mai gidan cacar surukin mai siton nan ne. Na rubuta cewa rabin labaransa daga bakin saje ɗaya suke fitowa, don haka duk abin da zai taɓa sajen ba zai faɗa ba ko da wuƙa a wuyansa. A ƙasa na rubuta abin da ya fi komai amfani daga baya: edita yana rufe shafi ƙarfe sha ɗaya na dare, kuma kwana tara ke nan Mai Tari bai kawo labarin da ya hau shafin farko ba.

Da aka zauna, kamar kullum, aka ce a kira shi. Na ce ba ya magana a tarho yau, sai dai a same shi a wata 'yar rumfar abinci da ke kallon caji ofis. Lauya ta je. Na kwatanta masu shi: kwat ɗin da ta sha ruwan sama, yatsu biyu da taba ta rina, kofi na uku a gabansa, idonsa na komawa kan agogon bango kowane minti. Goma da kwata.

"Ina son sanin wanda ke biyan hayar siton," in ji lauya.

Na yi tarin. "Na sani. Ke kuma kin san wanda ya ga motar a daren. Kwana uku kuna ɓoye shi."

Ƙanwata ta ajiye fensirinta. "Yaya, da can ai ba ya tambayar komai."

"Da can ba ya jin yunwa."

Shaidar tasu wani tsohon maigadi ne da suka sha wahala kafin ya yarda ya yi magana, bayan likita ya yi masa alkawarin ba mai jin sunansa. Suka yi ta muhawara. Abokina mai tsohon soja ya ce a murɗe hannun ɗan jaridar kawai. Na ce bismillah, amma ka tuna tagar caji ofis na kallonku. A ƙarshe lauya ta ba da sunan, bisa sharaɗin ba za a buga ba. Mai Tari ya rantse, ya ba ta abin da take nema, gaskiya ne kuma abin da ya ba ta. Goma da rabi ya tashi ya nufi rumfar tarho.

Call of Cthulhu ya shahara da takardun da ake miƙa wa 'yan wasa a hannu, wasiƙu da telegiram da yankakkun shafukan jarida. Na shirya nawa tun da rana, na buga a kwamfuta, na jiƙa shi da ruwan shayi ya yi launin tsufa. Na ce gari ya waye, na tura masu shi tsakiyar darduma. Mai Tari ya cika alkawari, babu sunan maigadin a ciki. An dai rubuta cewa wani dattijo mai ɗingishi da ke gadin dare a layin siton ya ga komai. Dattijo mai ɗingishi ɗaya ne a layin.

Ban taɓa ganin mutum huɗu sun tashi tsaye kan takarda ba sai ranar. Suka ruga gidan maigadi, suka tarar da ƙofa a buɗe, tukunya a kan wuta.

Akwai masu cewa wannan mugunta ce daga madugu, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya in aka yi ta ba gargaɗi. Amma agogon yana bango, na nuna shi sau uku. Akwai kuma wata ƙa'ida da nake riƙe da ita: abin da aka saya da tsada dole ya zama na gaske. In ɗan jaridar ya karɓi farashi kuma ya yi ƙarya, 'yan wasa za su daina zuwa wurinsa gaba ɗaya, an koma gidan jiya ta wata ƙofar. Dole cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ɗin ta zama mai riba, ta yadda za su riƙa jin zafinta kuma su riƙa dawowa.

Ita kuwa matsalar asali, ta dayis da ya ƙi har wasa ya tsaya, ba aikin ɗan jarida ba ne ya magance ta. Robin Laws ya tsara wata hanya mai suna GUMSHOE, wadda Kenneth Hite ya gina Trail of Cthulhu a kanta a 2008. A can, in jarumi yana da ƙwarewar da ta dace kuma ya je inda ya dace, alamar da labari ke buƙata tasa ce, ba a jefa komai. Na aro wannan. Tun daga lokacin abin da ya zama dole su sani suna samunsa da ƙafarsu. Wurin Mai Tari ana zuwa ne neman gajeriyar hanya, ita kuwa kowa ya san tana da ƙaya.

Kada a ɗauka dole sai ɗan jaridar ya zama lalatacce. Edna Buchanan ta shekara da shekaru tana ɗauko wa Miami Herald labaran kisa, dubbai daga cikinsu, ta ci lambar Pulitzer a 1986, kuma an san ta da naci wajen kiran iyalan mamaci har sai ta ji ko wane ne shi kafin ya zama gawa. Sa irinta a wasa ka ga yadda jarumai za su rasa sukuni. Mai cin hanci ana iya sayensa. Mai gaskiya fa, wadda ta lura cewa duk inda aka samu gawa a watan nan sai an ga likitan nan da tsohon sojan nan a kusa? A Vampire, inda babbar dokar masu shan jini ita ce kada ɗan Adam ya san suna nan, 'yar jarida mai gaskiya da ke ƙaunarka ta fi maƙiyi haɗari, don kullum kana tsakanin yi mata ƙarya da jefa ta cikin abin da zai ci ta.

Saura maganar mutuwarsa, don kowane madugu yana jin ƙaiƙayin kashe irin wannan mutum. Shahararren labarin Call of Cthulhu, Masks of Nyarlathotep na 1984, da haka yake buɗewa. Ana gaya wa 'yan wasa cewa suna da tsohon aboki, marubuci mai binciken ƙungiyoyin asiri, Jackson Elias. Ya kira su ɗakinsa na otal a New York a Janairun 1925, suna isa suka tarar an kashe shi. Shekaru da dama madugai suna kuka da abu ɗaya: an ce abokinsu ne, amma ba su taɓa jin muryarsa ba, don haka gawarsa ba ta fi ta kowa ba. Da aka sake fitar da labarin a 2018 sai aka ƙara babin share fage a ƙasar Peru a 1921, inda za a yi tafiya da Elias, a ci abinci da shi, a ji barkwancinsa. Sai an sha shayi da mutum ake jin mutuwarsa.

Ni ban kashe Mai Tari ba. Bayan maganar maigadi sun yi zama huɗu ba su neme shi ba, ko sunansa aka ambata sai ƙanwata ta yi tsaki. A zama na biyar, ana tsakiyar wani abu daban, na ce tarhon ofishin lauya yana ƙara, ƙarfe biyu na dare. Ta ɗauka. Na yi tarin, a hankali wannan karon.

Ya ce mai gidan caca ya sayar da bashinsa ga wasu mutane, kuma mutanen ba kuɗi suke so ba. Akwai mota a ƙofar gidansa tun magariba. Sajensa ya daina ɗaukar kiransa. Yana neman wurin kwana na dare biyu, kuma yana da wani abu a aljihu game da inda aka kai maigadin.

"Ƙarya yake," in ji abokina. "Madugu, ka gaya mana gaskiya, tarko ne ko?"

Na ce ni ban san komai ba sai abin da ya faɗa a tarho.

Minti arba'in suka yi suna gardama, ba a taɓa dayis ko sau ɗaya ba. Malamar makaranta ta ce ko kare ne ya zo ƙofarka da dare ba ka kore shi. Likita ya ce alkawarin da aka karya nasa ne, shi ya kalli idon tsohon ya rantse. Ƙanwata ba ta ce komai ba sai can, ta ce ita ta ba da sunan, ba wani ba. Suka ɗauko shi ta ƙofar baya, suka shimfiɗa masa bargo a ɗakin ajiyar magani na likita.

Na tambayi abokina inda sojansa zai kwana. Ya ce a bakin ƙofar ɗakin, kan kujera, bindiga a cinya. Na ce to, yana fuskantar titi ke nan. Ya ce a'a, a juya kujerar ta kalli ciki.